Ƙyauren kubbar kallon taurari: bitar aikin wani shagon walda a Jos

Duk wanda ya yi niyyar gina ɗakin kallon taurari mai kubba a bayan gidansa zai tarar cewa ginin bango da rufe jikin kubbar suna da sauƙi idan aka gwada su da ƙyauren da ke rufe tsagar da na'urar hangen nesa take leƙa sama ta cikinta. Ƙyauren nan shi ne kaɗai ɓangaren da ake so ya motsa kowane dare ba tare da gardama ba, kuma idan an rufe shi ya tsare ruwan damina da ƙurar hunturu, ya kuma ƙi bin iskar hadari idan ta zo ɗaukarsa. Na ba da aikin nawa ga wani shagon walda a yankin Dilimi da ke cikin Jos, inda maƙera da masu haɗa ƙarafa suka yi yawa, kuma tun da ƙyauren ya riga ya ga damina ya ga hunturu, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani game da aikinsu domin amfanin wanda zai bi wannan hanya.

Kubbar da ake magana a kanta faɗinta mita 3 ne, tana zaune a kan zagayayyen bangon bulo, tana juyawa a kan tayoyi, haƙarƙarinta na filawud ne da na sayo a kasuwar Katako, an lulluɓe ta da kwanon alminiyum. Abin da na nema a wurin shagon shi ne lanƙwasassun ƙarafa biyu da za su zama gefunan tsagar kuma su zama layin da ƙyauren zai bi, da ƙyauren kansa, da abin da za a riƙa jansa da shi. Na zaɓe su ne saboda na ga kubbobin masallatai da suka ƙera, na kuma ga cewa suna da injin lanƙwasa ƙarfe mai gangaruna uku wanda ake juyawa da hannu, abin da ba kowane mai walda ke da shi ba. Yawancin masu waldar da ke yin ƙofofi da tagogi sukan lanƙwasa fayif ne ta hanyar yanka shi kaɗan-kaɗan suna karyawa suna sake liƙewa, kuma irin wannan lanƙwasa, komai kyanta a ido, gaɓa-gaɓa ce, taya ba za ta bi ta lami lafiya ba.

Tun a zaman farko muka ɗauki lokaci a kan tsawon tsagar, kuma ya kamata mai karatu ya fahimci dalili, domin a nan ne zane-zanen da ake samu a intanet suke iya ɓatar da mutumin Jos. Garin yana kusan digiri 10 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana takan bi daidai saman kai sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta, haka nan wata da duniyoyi irin su Mushtari da Zuhal sukan ratsa kusa da tsakar sama. A Landan, wadda take sama da digiri 51, ko wata bai taɓa kaiwa digiri 70 daga ƙasa ba, don haka mai kallon duniyoyi a can zai iya haƙuri da tsagar da ta tsaya a ƙoƙon kubba, wato tsakar samanta. A wurinmu kuwa, lokacin da Mushtari ya fi kyan gani, wato sa'ad da ya hau can ƙololuwa inda iskar da haskensa ke ratsowa ta fi ƙaranci, shi ne lokacin da irin wannan tsaga za ta tare shi. Na bukaci tsagar ta zarce tsakar kubba da santimita 40, faɗinta kuma ya zama santimita 80, duk da cewa madubin na'urata santimita 20 ne kawai, saboda mazaunin da ke bin juyawar sama yakan rataye bututun na'urar a gefe guda na ginshiƙin da aka kafa shi a kai, ba a tsakiyar ɗaki ba, kuma ƙunƙuntar tsaga takan sa mutum ya yi ta tura kubba kowane ɗan lokaci.

Maigidan shagon, dattijo ne mai natsuwa wanda ba ya gaggawar cewa ya gane, shi ya fara lura da abin da wannan buƙata ta jawo. Ya ɗauki alli ya zana rabin da'ira a kan simintin shagon, ya auna, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, ƙyaure ɗaya ba zai yi ba. Idan ya haura ya gangara baya, ƙasa za ta tare shi kafin bakinsa ya bar saman." Lissafin ya gaskata shi. Daga gindin kubba mai faɗin mita 3 zuwa tsakarta, bin lanƙwasa, kusan mita 2.36 ne, idan aka ƙara santimita 40, tsagar ta zama mita 2.76, alhali filin da ya rage a bayan kubbar, inda ƙyauren zai je ya kwanta, bai kai mita 2 cif ba. Shi ya sa aka raba shi biyu: na sama mai tsawon kusan mita 1.9 wanda ke zamewa a kan layi ya tsallake ƙoƙon kubba, da na ƙasa, ɗan gajere, wanda ke buɗewa waje a kan hinji. Masu ƙera kubbobi a ƙasashen waje sun daɗe da wannan tsari, amma mutumin da bai taɓa shiga ɗakin kallon taurari ba ya kai gare shi da alli da ma'auni kawai, kuma wannan ya sa na saki jiki da shi fiye da duk wani alkawari da zai yi mini da baki.

Rabuwar ta zo da wani amfani. Ƙyauren ƙasa yana rufe abin da ke ƙasa da digiri 30 da 'yan kai, wato daidai inda fitilun maƙwabta da hayaƙin unguwa suke, don haka yawancin darare a rufe nake barinsa, yana tare mini iska da haske. Sai idan ina son taurarin kudu, kamar tarin Crux da Alfa Sentauri, waɗanda daga Jos ba sa tashi sama da digiri 20 ko kusa da haka, ko kuma ina daidaita mazaunin na'ura da tauraron arewa da ke kusan digiri 10 kacal sama da ƙasa, sannan nake saukar da shi.

Inda muka yi doguwar jayayya shi ne nauyi. A al'adar masu walda, da ma ta masu ba su aiki, nauyi shi ne shaidar inganci, domin ƙofar gida da ba ta da nauyi ɓarawo ake gayyata. Maigidan ya kawo shawarar a yi firam da ƙarfe mai kusurwa na milimita 40, a rufe shi da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1.2. Farantin nan kaɗai nauyinsa ya haura kilo 9 a kowane murabba'in mita, ƙarfen firam kuma ya kusa kilo biyu da rabi a kowace mita, saboda haka ƙyauren sama zai tasam ma kilo 40, kuma kilo 40 ɗin nan za su riƙa tafiya ne daga gaban kubba zuwa bayanta a kan haƙarƙarin filawud, suna karkatar da ita a kan tayoyinta. Na dage a kan fayif mai kusurwa huɗu na milimita 20, wanda bai kai kilo ɗaya a mita ba, da kwanon alminiyum miƙaƙƙe mai kaurin milimita 0.7 irin wanda kamfanonin rufi ke yankawa daga naɗi. Alminiyum kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, kuma da wannan haɗi ƙyauren ya tsaya wajen kilo 15. Bai ji daɗin shawarar ba, ya ce aikin zai zama kamar na wasan yara kuma sunansa ne zai ɓaci idan iska ta yi gaba da shi, amma ya yarda, kuma bai yi aikin da rabin zuciya ba don an ƙi bin ra'ayinsa, wanda hali ne da ba a cika samu ba.

Tsoron da ya yi wa iska kuwa yana da tushe, kuma maganin da ya kawo shi ne mafi kyawun abin da shagon ya yi. Duk mazaunin Jos ya san guguwar farkon damina, a Afrilu da Mayu, wadda ke kwashe rufin makarantu da gidaje. Iskar da ke gudun kilomita 90 a sa'a tana iya danna ko tsotse kusan kilo 35 a kowane murabba'in mita ko a tudu irin namu mai tsayin kimanin mita 1,200 inda iska ta ɗan fi sauƙi, kuma saman abu mai lanƙwasa tsotsa take yi, ba dannawa ba. Ƙyaure mai faɗin kusan murabba'in mita 2 zai iya fuskantar jan da ya ninka nauyinsa sau huɗu. Maimakon ya dogara da nauyi, sai ya sa kowace kusurwa ta ƙyauren ta kama layin da boris biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙarƙashin leɓen ƙarfen, ta yadda ƙyauren zai zame gaba da baya amma ba shi da hanyar ɗagowa sai dai ya tafi da kubbar gaba ɗaya. Ya ƙara sakata biyu daga ciki, ya kuma ba ni shawarar in ɗaure kubbar kanta da bango da ƙugiyoyi masu noti idan hadari ya haɗu. Guguwar da ta karya reshen mangwaron maƙwabcina ta wuce ba ta motsa ƙyauren ba.

Boris ɗin da aka sa lamba 6202 ne, mai rami milimita 15 da faɗi milimita 35, irin wanda ake samu a kowane shagon kayan babur. A nan sai da na sa ido, domin yaran shagon sun fara ɗauko buɗaɗɗu ne, waɗanda ake ganin ƙwayoyinsu, da niyyar cika su da giris. A garin da hunturu ke sauke ƙura daga Nuwamba har Fabrairu, giris a fili tarkon ƙasa ne: yakan haɗu da ƙura ya zama wani kwaɓi mai cin ƙarfe, kafin shekara ta zagayo boris ya fara kuka ya cije. Masu murfin roba a gefe biyu ake buƙata, layin kuma a bar shi busasshe, a riƙa share shi da tsumma. Bambancin kuɗin tsakanin iri biyun bai taka kara ya karya ba, amma shagon ba zai kawo masu murfin ba sai an nema.

Babban aibin aikin ya fito ne daga layukan guda biyu. An lanƙwasa su da kyau, kowanne ya kwanta a kan zanen da aka yi a ƙasa babu tazara, to amma bayan an liƙa musu kunnuwan ɗauri da sandunan da ke haɗa su a baya, zafin walda ya ja ƙarfen, kamar yadda yake yi kullum idan aka yi doguwar walda a gefe guda ba tare da an fara ɗiga ta nan da can ba. Ranar da aka ɗora su a kan kubba, ƙyauren ya tashi sumul daga ƙasa, yana isa kusa da ƙoƙo sai ya tsaya cak. Da na auna tazarar da ke tsakanin layukan da sandar da na yanka daidai faɗin tsagar, sai na tarar sun matso da juna da kusan santimita ɗaya a saman. A ƙofar gida santimita ɗaya ba komai ba ne, ana gyara shi da guduma ko a bar shi haka. A nan kuwa ƙyauren ba ya yafe fiye da milimita 3 ko makamancin haka. Babban yaron shagon ya ɗauko guduma zai buɗa layin da duka, na hana shi, domin dukan zai sauka ne a kan haƙarƙarin katako, kuma zai bar lotsawar da boris zai riƙa tuntuɓe da ita har abada.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa ban yanke wa shagon hukunci mai tsanani ba. Da maigidan ya zo da kansa, bai ce kubbata ce ta karkace ba, bai kuma ce haka aikin yake ba. Ya hau tsani, ya bi layin da sandar awon daga ƙasa har sama, yana tsayawa kowane taƙi yana sa alama da alli, ya sauko ya ce wa yaransa su kwance komai su mayar shago. Ya yanke sandunan bayan, ya maye gurbin waldar da kusoshi masu noti a cikin ramuka masu tsawo, ta yadda za a iya matsar da kowane layi kaɗan hagu ko dama a ɗaure shi inda ya dace, kuma bai nemi ƙarin ko kwabo ba. Ramukan nan masu tsawo sun ci gaba da amfani, domin katako yakan kumbura da damina ya tsuke da rani, kuma da sifana ɗaya nake mayar da layin daidai idan yanayi ya juya. Sai dai gaskiya ita ce da an haɗa layukan da ƙyauren a ƙasa a shagon, an gwada zamewarsa daga farko zuwa ƙarshe kafin a ɗauko, da ba a yi wannan jeka-ka-dawo ba. Shagon ba shi da al'adar gwada abu kafin ya fita, saboda kubbar masallaci da ƙofar gida ba sa buƙatar haka, kuma duk mai kai musu aiki mai motsi ya sa wannan gwaji cikin sharaɗin ciniki tun kafin ya ba da kafin alƙalami.

Wajen ɗaura alminiyum a kan firam ɗin ƙarfe, aikinsu ya yi tsabta amma ya rasa abu biyu da sai da na faɗa. Na farko, ƙarfe da alminiyum idan suka haɗu kai tsaye ruwa yana ratsa su, alminiyum ɗin ne ke cinyewa ya zama farin gari a wurin haɗin, saboda haka dole a fente firam ɗin ya bushe sosai, a kuma shimfiɗa siririyar roba a tsakani. Na biyu, ba sa miƙewa daidai da zafi: mitar ƙarfe takan ƙaru da kimanin kashi 12 cikin dubu na milimita a kowane digiri, ta alminiyum kuma kusan ninki biyu. A Jos, inda daren hunturu ke sa mutum neman bargo biyu amma rana ta gasa kwano har hannu ba ya iya taɓa shi, bambancin zai kai kusan milimita ɗaya a tsawon ƙyauren, wanda ya isa ya sa kwanon ya yi kumburi tsakanin rifit da rifit ko ya faɗaɗa ramukansa ruwa ya samu hanya. An huda ramukan da ɗan yalwa, an sa wa kowane rifit ɗan zoben roba, an kuma fente saman da fari domin kada ɗakin ya tara zafin rana, tun da iska mai ɗumi da ke fita ta tsaga da dare ita ce ke sa hoton duniyoyi ya riƙa rawa a cikin na'ura.

Game da fenti kuwa ba zan yaba musu ba. Jan fentin hana tsatsa da suka shafa ya yi ruwa-ruwa saboda yawan fetur da aka zuba masa, kuma ba a kankare ƙurar walda daga gaɓoɓi ba kafin a shafa, don haka kafin damina ta yi nisa jan hawaye ya fara gangarowa daga kusurwoyi a kan farin kwanon. Na kankare na sake shafawa da kaina. Wanda zai ba su aiki ya karɓi ƙarfensa tsirara ya kai wa mai fenti, ko ya tsaya a kansu ranar shafawa.

Batun ruwa ya kasu biyu. Gefunan ƙyauren ba su taɓa yoyo ba, domin an naɗe bakin kwanon ƙasa ya rufe layin da santimita 6, kuma an tayar da leɓe a gefen tsagar ta yadda ruwan da iska ta koro sai ya hau tudu kafin ya shiga, abin da ba ya iyawa. Ƙyauren sama kuma yana hawa kan na ƙasa kamar yadda kwanon rufi ke hawa kan ɗan'uwansa. Matsalar tana can bayan ƙoƙo, inda kan ƙyauren ke haɗuwa da jikin kubba, wurin da kusan a kwance yake kuma ruwa ba ya saurin gangarewa. A ruwan Agusta, wanda kan wuni yana zuba, ɗigo ya riƙa sauka daidai kan ginshiƙin na'ura, wato wuri mafi muni a duk ɗakin. Shagon ya gyara shi da ɗan magudanar kwano da aka liƙa a ciki tana kai ruwan gefe, da robar ƙofar mota da aka manna a bakin, kuma tun daga nan ɗigon ya tsaya, ko da yake har yanzu ina rufe na'urar da leda mai kauri idan zan yi tafiya. Robar nan ta rage shigar ƙura ƙwarai amma ba ta hana ta ba, kuma ban ga ƙyauren da zai hana hazon Janairu shiga ba. Zanzaro ma ya samu ƙarƙashin leɓen layin ya yi ɗakinsa na laka a wurin, daidai hanyar boris na ƙasa, saboda haka duba wurin da tocila kafin a buɗe ya zama dole.

Abin jan ƙyauren shi ma ya cancanci bayani, domin a nan ne irin wannan ƙyaure ke da haɗari. Sa'ad da ake buɗe shi, da farko nauyinsa yana ja baya ne zuwa rufewa, sai an yi ƙarfi; da zarar rabinsa ya tsallake ƙoƙo, sai nauyin ya juya ya fara jansa zuwa baya da gudu, kuma igiya ɗaya da ke ja ta fuska guda ba za ta riƙe shi ba, zai zarce ya daki ƙarshen layin da ƙarfin da zai iya tsinke boris ko yatsan mutum. Shagon ya warware wannan da sarƙar babur da aka ɗaure a jikin ƙyauren daga kai zuwa gindi, tana cije da faranti mai haƙora da ke kafe a bayan ƙoƙo, shi kuma farantin ana juya shi daga ƙasa ta hannun wani ƙaramin akwatin giya irin mai dunƙulen zare, wanda ba ya juyawa da kansa idan an saki hannu. Duk inda na tsaya da murzawa, nan ƙyauren ke tsayawa. Giyar tsohuwa ce da suka samo a wurin masu gwangwan, tana da ɗan sako-sako, kuma takan yi ƙara a tsakar dare fiye da yadda nake so a unguwar da gidaje ke manne da juna, amma ba ta taɓa saki ba. Sun kuma sa guntayen robar taya a ƙarshen layukan biyu ba tare da na nema ba.

Kuɗin aikin ya fi abin da na yi tsammani, ya kusa kamo abin da na kashe a kan sauran kubbar duka, amma mafi yawansa na kaya ne, kuma farashin ƙarfe da alminiyum ba ya zama wuri ɗaya a 'yan shekarun nan, har ba zai amfani kowa ba in faɗi adadi. Maigidan ya raba mini kuɗin kaya da ladan aiki a takarda, ya bar ni na sayo alminiyum da boris da kaina, kuma ragowar ƙarfen da ba a yi amfani da shi ba ya dawo mini da shi. Alkawarin lokaci ne bai cika ba. Wani ɓangare na jinkirin rashin wutar lantarki ne, domin injin waldarsu ba ya tashi da ƙaramin janareta, amma wani ɓangaren kuma saboda duk ranar da babban aikin ƙofofi ya shigo, nawa ne ake turawa gefe. Wanda yake son ƙyaurensa ya kasance a shirye don dararen Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke ya wanke sama kuma kafin hazo ya sauko, waɗanda su ne mafiya kyau a Jos, to ya kai aikinsa tun damina tana tsaka. Wani abin da ya dame ni, ko da yake bai shafi ingancin ƙyauren ba, shi ne ganin ƙananan yaran shagon suna walda da baƙin tabarau na kasuwa maimakon garkuwar fuska, suna kuma shaƙar farin hayaƙin fayif mai rufin zinki a cikin rumfar da iska ba ta ratsawa. Na yi wa maigidan magana, ya amsa da ladabi, amma ban ga canji ba.

Akwai abin da shagon bai taɓa ba kuma bai kamata a jira shi daga gare su ba, wato kariya daga tsawa. Kubbar ƙarfe a fili, a kan tudun Jos da ya shahara da tsawa, tana buƙatar a haɗa layukanta da zoben gindinta da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa, kuma wannan aikin mai gyaran wuta ne wanda ya san abin da yake yi.

Yanzu maigidan yana ba ni shawarar a sa wa giyar injin waifar mota mai aiki da batir na bolt 12, a ɗaura batirin a jikin kubbar tare da ƙaramin farantin sola, ta yadda babu wayar da za ta naɗe idan kubbar ta juya. Shawarar mai kyau ce, kuma masu irin wannan gini a wasu ƙasashe suna yin haka, amma injin waifa ba ya sanin ya kai ƙarshen layi, zai ci gaba da ja har sarƙa ta tsinke ko wayarsa ta ƙone, sai an sa makunnai biyu da ƙyauren zai taɓa ya yanke wa kansa wuta a kowane ƙarshe, tare da fis. Wannan ɓangare zan ba mai gyaran wutar mota ne, shagon kuma ya yi mazaunin injin kawai, bisa sharaɗin cewa hannun murzawa zai ci gaba da zama a wurinsa kuma za a iya zare injin daga giya da fil guda, domin hadarin Jos yakan taso daga bayan duwatsun Shere ya iso gari cikin 'yan mintoci, kuma batirin da ya mutu a irin wannan lokaci zai bar madubi da kyamara a buɗe ƙarƙashin ruwa da ƙanƙara.